CIWON ƁARIN KAI NA MATA DA ZAZZAƁIN CIZON KASKA

Wannan takarda domin mutanen karkara aka rubuta ta, musamman gidajen da ake kiwon shanu, ko tumaki, ko awaki. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. Ya tabbata kuwa matan gida sun ji, gama yawancin maganar tasu ce.

Akwai mata da yawa waɗanda duk wata, da lokacin al'adarsu ya matso, sai ciwon kai ya kwantar da su. Sun saba da shi, har in ya zo sukan ce, "Nawa ne ya tashi." Su ɗaure kai da ɗankwali, su shiga ɗaki su kwanta, bayan kwana ɗaya ko biyu su miƙe. Wannan sabo yana da kyau, amma akwai hatsari a cikinsa. Ran da wata cuta dabam ta zo da ciwon kai, mace takan zaci nata ne na kullum, ta yi ta jira ya wuce, cuta kuwa tana ƙara cin jiki. Zazzaɓin da cizon kaska ke kawowa yana cikin cututtukan da kan ɓuya haka. Abin da muke so mu bayyana shi ne yadda mace za ta san halin ciwon kanta sosai, har ta gane baƙo ran da ya shigo, da kuma abin da za ta yi in su biyun suka haɗu mata lokaci guda.

MENE NE CIWON ƁARIN KAI?

Ciwon ɓarin kai dabam yake da ciwon kan gajiya. Yakan kama gefe ɗaya, ko da yake wani lokaci yakan game kan duka. Yana sara yana bugawa kamar ana daka a ciki. In mai shi ta sunkuya, ko ta ɗauki tulu, ko ta yi tafiya, sai ya ƙaru. Yakan zo da tashin zuciya, har da amai. Haske yakan dame ta, haka kuma ƙarar turmi, da hayaniyar yara, da ƙanshin turare. In ba a sha magani ba yakan daɗe daga awa 4 har kwana 3, sa'an nan ya sake ta, ta koma garau sai 'yar gajiya.

Cikin masu wannan ciwo, wajen mutum ɗaya daga uku ko huɗu yakan ga alama kafin ciwon ya sauka. Wata takan ga zane mai ƙyalli kamar haƙoran zarto yana yawo a idonta. Wata takan ga gefen abu ya dushe. Wata hannunta da leɓenta su yi tsam, kamar tururuwa na tafiya a kansu. Wannan yakan ɗauki minti 5 zuwa awa 1, ya wuce, ciwon kai ya biyo baya. Bari mu kira wannan alama "walƙiyar ido". A riƙe ta, za mu koma kanta a gaba.

Ciwon nan ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Daga jijiyoyin cikin kai yake tasowa, kuma yakan bi dangi. Sau da yawa in ka tambaya za ka tarar uwa ko kaka ta yi fama da shi. Babban abin lura game da shi ke nan: ba ya zuwa da zazzaɓi.

ABIN DA YA HAƊA SHI DA AL'ADA

Kafin balaga, yara maza da mata kusan daidai suke wajen kamuwa da ciwon ɓarin kai. Bayan balaga sai a sami wajen mata uku ga kowane namiji ɗaya. Dalili kuwa, akwai waɗansu sinadarai da jiki ke yi da kansa yana zuba su cikin jini, likitoci na kiransu homon. Ɗaya daga cikinsu, mai suna istirojin, shi ne ke hawa yana sauka a jikin mace duk wata. Gab da zuwan jini yakan faɗi ƙasa da sauri. Faɗuwar nan ce ke tayar da ciwon ga wadda ke da shi.

Saboda haka yana da kwanakinsa sanannu, watau daga kwana 2 kafin a ga jini zuwa kwana na 3 da fara shi. Ciwon da ya zo a waɗannan kwanaki yakan fi na sauran lokaci zafi da daɗewa. In mace ta sami ciki yakan yi sauƙi, musamman bayan wata uku na fari, ya komo bayan haihuwa. In ta kusa daina al'ada yakan tsananta na 'yan shekaru, daga baya ya lafa ga mafi yawa.

Akwai abubuwan da ke ƙara masa ƙarfi: yunwa, da ƙishirwa, da rashin barci irin na kwanan biki, da daɗewa cikin rana, da hayaƙin murhu, da ɓacin rai. Wadda ta saba da goro ko shayi kullum, ran da ta rasa, kanta yakan yi ciwo.

Ga aikin farko. Kowace mace ta riga ta iya lissafin kwanakinta saboda salla. To, ta ƙara lissafin ciwon kai a kai. Wadda ta iya rubutu ta rubuta a takarda. Wadda ba ta iya ba ta ja layi da gawayi a bangon ɗaki: dogon layi ran da ta ga jini, gajere ran da kai ya yi ciwo. In ta yi haka wata uku, za ta ga tafiyar abin da idonta. Sanin hali ya fi sanin kama.

KASKA DA CUTUTTUKANTA

Kowa ya san kaska, raɓi mai jini. Mun saba ganinta a jikin shanu da karnuka, har muna zaton dabba kaɗai take cuta. Tana cizon mutum, kuma cizonta ba ya cika zafi, don haka takan kwana a jiki ba a sani ba. Mata masu tatsar nono, da masu yankan ciyawa domin ragon turke, da masu shiga daji neman itace, su ne ta fi samu. Cututtuka uku za mu ambata.

Na ɗaya, zazzaɓin cizon kaska. Wannan shi ne ya fi kusa da mu. Kaskar da ke kawo shi ita ce babbar nan mai ado a baya da ƙafafu masu ratsi, wadda Fulani ke kira koti, wadda kuma cizonta ke buɗe wa kirci hanya a jikin shanu. Manyanta sun fi yawa da damina. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba, su ma suna cizo. A ƙasar Zimbabuwe aka fara raba ƙwayar cutar daga jinin mutum, a 1992. Daga baya masu bincike sun same ta a jikin kaskar shanu a Nijeriya, har da ƙasar Filato. Bayan cizo da kwana 5 zuwa 7, wani lokaci har 10, sai zazzaɓi ya sauka, da ciwon kai, da ciwon jiki, musamman naman wuya. A wurin cizon sai a ga wani baƙin tabo kamar ƙunar garwashi, da ja kewaye da shi. Yakan zama ɗaya, yakan zama biyu ko fiye. Kaluluwa takan fito a hammata ko matsematsi, gefen da aka ciza. Ba safai yake kisa ba, amma yana kwantar da mutum, kuma maganin zazzaɓin sauro ba ya taɓa shi.

Na biyu, zazzaɓi mai komowa. Wata kaska ce mai laushi ke kawo shi, wadda ke zaune a ramin ɓera da gafiya. Da dare take fitowa, ta sha jini cikin ɗan lokaci, ta saki, ta koma raminta, don haka mai shi ba ya ganinta. Zazzaɓin yakan yi wajen kwana 3, ya sauka kamar an warke, bayan wajen mako guda ya komo, haka har sau da yawa. Ya fi yawa a Senegal, da Mali, da Muritaniya, akwai kuma irinsa a gabashin Afirka. A wani ƙauye na Senegal mai suna Dielmo an bi lafiyar mutane daga 1990 zuwa 2003, aka tarar cikin kowane mutum 100 wajen 11 ke kamuwa da shi a shekara. Fatake da masu zuwa cin rani waɗannan ƙasashe, da iyalinsu, su lura. Ga mai ciki yana da hatsari ƙwarai, gama yana sa ɓari da haihuwar bakwaini.

Na uku, zazzaɓi mai sa zubar jini. Ana kiransa da sunan wurare biyu, Kirimiya inda aka fara gane shi a 1944, da Kwango inda aka sami ƙwayarsa a 1956. Bai cika yawa ba, amma shi ne mafi muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kwanta da shi, 10 zuwa 40 sukan mutu. Ana samunsa daga cizon kaska, ko murtsuke ta da yatsa, ko taɓa jinin dabba mai ɗauke da shi, ko jinin majiyyaci. Dabbar kuwa ba ta nuna alamar komai. Ya taɓa ɓarkewa a Sudan da Muritaniya, an kuma sami ƙwayarsa a Nijeriya. Bayan cizo yakan bayyana cikin kwana 1 zuwa 3, ba ya wuce 9.

YADDA ZA A BAMBANTA

In kai ya yi ciwo, mace ta tambayi kanta abu huɗu.

1. Lokacinsa ne? Ta dubi lissafinta. In jini saura mako biyu, ga kuma ciwon kai mai tsanani, ta yi shakka.

2. Akwai zazzaɓi? In jiki ya yi zafi, ko ana rawar ɗari, ko gaɓoɓi na ciwo, to, akwai wani abu bayan ciwon ɓarin kai, ko da a ranakun al'ada ne.

3. Haka ya saba yi? Nata yakan kama gefe ɗaya ya sake ta kafin kwana 3. Na zazzaɓi yakan game kai duka, da bayan idanu, ya ƙi tafiya.

4. Me fata ta nuna? Ta duba jikinta cikin haske, ko 'yar'uwarta ta duba mata: hammata, da ƙarƙashin nono, da ƙugu inda ake ɗaura zane, da matsematsi, da bayan gwiwa, da bayan kunne, da tsagar kitso. Ana neman kaska, ko baƙin tabo, ko kaluluwa, ko ƙuraje.

Duk mai zazzaɓi a ƙasarmu, gwajin zazzaɓin sauro ake fara yi masa, gama shi ya fi yawa. Amma gwajin nan ba ya nuna cutar kaska. In ya nuna babu, ko kuwa an sha magani kwana 3 ba sauƙi, a koma ɗakin shan magani, a faɗa wa malamin asibiti cewa ana aiki da dabbobi, a nuna masa tabon. Zazzaɓi mai komowa kuwa ana ganin ƙwayarsa a madubin likita in an ɗebi jini lokacin da jiki ke da zafi. Don haka a je ran da zazzaɓin ya tashi, kada a jira ya sauka.

Wata damina an kawo mini wata mata a kan jaki, mai sayar da nono ce, 'ya'yanta biyar. Tun tana budurwa take da ciwon ɓarin kai. Wannan karon ya zo mata daidai da kwanakinta, ta kwanta kamar yadda ta saba. Jini ya ɗauke, ciwo bai tafi ba. Ta aika aka sayo mata garin magani na ƙunshi a wurin mai talla, tana sha safe da rana da dare, har cikinta ya fara zafi. Sai kwana na shida mijinta ya taɓa goshinta ya ji kamar wuta. Na gwada jininta, ba zazzaɓin sauro. Na roƙi unguwarzoma ta shiga da ita ciki ta duba jikinta. Sai ga baƙin tabo biyu a ƙugunta, ga kaluluwa. Na ce, "Baiwar Allah, ba ki ji cizo ba?" Ta ce, "Malam, kullum muna cire wa shanu, wa zai kula da ta jikinsa?" Aka ba ta maganin da ya dace, kwana biyu zazzaɓi ya sauka. Gyambon cikin da garin magani ya tayar mata kuwa ya fi wata guda yana damunta. Da ta zo tun ran da jikinta ya fara zafi, da ba ta sha wannan wahala ba.

IN SU BIYUN SUKA HAƊU

Zazzaɓi, da rashin cin abinci, da rashin barci, duk suna tayar da ciwon ɓarin kai. Saboda haka mace tana iya fama da su biyu tare. A nan ne ake bukatar hankali wajen magani.

A lokacin lafiya, in ciwon ɓarin kai ya taso shi kaɗai, a sha magani tun da farinsa, kada a jira ya yi ƙarfi. Babba yana iya shan farasitamol ƙwaya 2 masu miligiram 500, ko ibufurofen miligiram 400 bayan cin abinci, ko asfirin. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciki, su bar ibufurofen da asfirin. A kwanta a ɗaki mai duhu, a sa jiƙaƙƙen tsumma a goshi, a sha ruwa. Wadda waɗannan ba su ishe ta ba, likita yana da maganin da aka yi musamman domin wannan ciwo, kamar sumatiriftan. In kuwa lissafinta ya nuna ranakun ba sa kuskurewa, yana iya ba ta abin da za ta fara sha kwana 2 kafin jini domin ta tare shi.

In akwai zazzaɓi kuwa, ga dokokin:

1. Farasitamol kaɗai za a sha, har sai malamin asibiti ya duba. A bar awa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. A ajiye asfirin, da ibufurofen, da garin ƙunshi na ciwon kai, gama da yawa daga cikinsa asfirin ne. Waɗannan suna hana jini tsayawa. Cututtukan kaska kuwa sukan rage 'yan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. In zazzaɓin mai sa zubar jini ne, asfirin sai ya ƙara wa wuta makamashi.

2. Maganin da aka fi ba mai zazzaɓin cizon kaska da mai zazzaɓi mai komowa shi ne doksisaikilin, ga babba miligiram 100 safe da yamma, wajen mako guda ko yadda likita ya ƙayyade. A shanye shi duka ko da an ji sauƙi.

3. A haɗiye shi da ruwa cike da moɗa, a zaune, kada a kwanta sai bayan rabin awa, gama in ya tsaya a maƙogwaro yana ƙona shi. A ci ɗan abinci tukuna don kada ya ƙara tashin zuciya. A raba shi da nono, da madara, da maganin ƙarin jini, da farin maganin gyambon ciki, da awa 2 ko fiye, gama suna riƙe shi a hanji su hana shi shiga jini. Wadda ta saba fura da nono da safe ta mai da ita rana. Yana kuma sa rana ta ƙona fata da sauri, sai a rufe jiki.

4. In ana zaton zazzaɓi mai komowa ne, a sha ƙwayar farko a asibiti, a zauna awa 4 ana lura. Lokacin da ƙwayoyin cutar ke mutuwa jiki yakan ɗauki rawa, zafi ya hau, kai ya sara, jiri ya kama mutum. Yakan wuce, amma lalle a yi shi a gaban ma'aikaci.

5. In amai ya zo nan da nan bayan shan magani, a koma a faɗa. Akwai maganin tsai da amai, yana kuma taimakon ciwon ɓarin kai.

6. Mai shan maganin ciwon kai da ke da argotamin, irin su Cafergot, lalle ta faɗa. In aka haɗa shi da iritiromaisin ko kilaritiromaisin, hanyoyin jini sukan tsuke, yatsu su yi sanyi su mutu. Hanya mafi sauƙi ita ce a tattara duk magungunan da ke ɗaki a zo da su, malamin asibiti ya gani da idonsa.

7. Can ba a rasa ba, doksisaikilin kansa yakan sa ruwan cikin kai ya yi yawa. Alamarsa sabon ciwon kai da ba ya tafiya, da ganin abu biyu-biyu ko dishi-dishi. Wannan ba walƙiyar ido ba ce, gama ita tana wucewa cikin awa guda. A tsai da maganin, a je asibiti ran nan.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko tsakar dare ne, a nemi abin hawa:

Haɓo, ko jini daga dasashi, ko baƙin kashi, ko aman jini, ko tabon jini a ƙarƙashin fata ba tare da an buge ba.

Jinin al'ada ya zo ba lokacinsa ba, ko ya yi yawa fiye da yadda ya saba, ga kuma zazzaɓi. Kunya kan sa mata su ɓoye wannan. Kada a ɓoye.

Wuya ya sanƙare, ko majiyyaciya ta rikice tana sambatu, ko ta yi jijjiga, ko ba ta farkawa sosai. Yana iya zama sanƙarau.

Ciwon kai ya faɗo farat ɗaya kamar tsawa, wanda ba a taɓa jin irinsa ba.

Baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ya mutu, ko magana ta sarƙe.

Idanu sun yi ruwan ɗorawa.

Masu jinyar wanda ke zubar da jini kada su taɓa jininsa ko amansa da hannu tsirara. Su sa safar hannu, in babu su sa leda, su wanke hannu da sabulu.

MAI CIKI DA MAI SHAN MAGANIN TAZARA

Wadda ke da ciki, ko take zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ba ta komai, likita ya zaɓa mata abin da ya dace. Argotamin haramun ne gare ta. Zazzaɓi ga mai ciki ba a jira da shi ko kwana ɗaya. In ciki ya wuce wata biyar, ga ciwon kai, ga kumburin fuska ko hannu, a auna jininta ran nan, gama hawan jini na masu ciki haka yake farawa kafin jijjiga.

Yanzu mu koma ga walƙiyar ido. Macen da ke ganinta kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin a ciki, gama haɗuwarsu tana ƙara hatsarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai waɗansu hanyoyi da ba su da shi, kamar allurar wata uku, da ashanar hannu, da robar mahaifa. Ta faɗa wa unguwarzoma abin da take gani, za a zaɓa mata.

BAYAN AN WARKE

Bayan zazzaɓi al'ada takan rikice wata ɗaya ko biyu, ta zo da wuri ko ta makara, ciwon kai kuma ya bi ta. Kasala takan daɗe. A ci gaba da lissafi, a ci abinci kan lokaci, a sha ruwa da yawa, a yi barci da wuri. Wadda za ta rama azumi ta jira ƙarfinta ya komo, ta zaɓi ranakun da ke nesa da kwanakin ciwonta, kada kuma ta bar sahur.

A kula da wani tarko. Yawan shan maganin ciwon kai shi kansa yana haifar da ciwon kai na kullum. Wadda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko maganin haɗi kwana 10, ta shiga wannan tarko, sai ta zo a taimake ta ta fita. Kodin da tiramol ba maganin wannan ciwo ba ne, jaraba kawai suke sawa. In zazzaɓi ya komo bayan an gama magani, a koma asibiti.

TSARE KAI DAGA KASKA

Rigakafi ya fi magani. In an dawo daga daji ko garke a yi wanka, a duba jiki, a wanke tufafi a shanya a rana. A duba yara ma. A sa takalmi da tufa mai rufe ƙafa in za a shiga ciyawa. A nome ciyawar da ke kewaye da gida. A nisanta turke daga ɗakin kwana. A toshe ramukan ɓera, a daɓe ƙasa, a yaɓe tsagar bango, a kwana a kan gado cikin gidan sauro.

In an sami kaska a jiki, a kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a hankali kai tsaye, ba murɗawa. In babu hantsaki a zarga mata zare a wuya a ja. Kada a ƙona ta tana jiki, kada a zuba mata kalanzir ko mai. A wanke wurin da sabulu, a riƙe ranar a kai, a sa ido mako biyu. Wadda aka cire daga mutum ko dabba a jefa ta wuta, kada a murtsuke ta da farce.

Maganin kaska na dabbobi a wurin malamin dabbobi ake neman bayaninsa. Dafi ne, ba a shafa wa mutum. Dabbar yanka, kamar ragon layya, a yi mata maganin kaska mako biyu kafin a yanka. Mai rauni a hannu ya ɗaure shi kafin ya taɓa ɗanyen nama, kowa kuma ya wanke hannu bayan fiɗa da gyaran kayan ciki.

GA MAIGIDA

Maigida, an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma izinin fita da kuɗin mota a hannunka suke. In matarka ta kwanta da ciwon kanta na wata, wannan ba ragwanci ba ne. A ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, a janye yara daga ƙofarta. Ka shiga ka taɓa goshinta da bayan hannunka, safe da yamma. In da sanyi, a bar ta ta huta. In da zafi, ka kai ta ɗakin shan magani ran nan, tare da lissafinta da duk magungunan da take sha. Allah ya ba mu lafiya, amin.